Gurbin Amsa: Ƙaramar Kafar Da Ke Wahalar Da Masu Rubuta Manhaja

Duk wanda ya taɓa cirar kuɗi a wurin mai POS ya san 'yar takardar nan da na'ura ke turowa bayan an danna lambar sirri. A jikin da yawa daga cikin irin waɗannan takardu akwai lambobi biyu da ba kowa ke kula da su ba: 00 idan kuɗi sun fita, 51 idan abin da ke asusu bai kai ba, 91 idan an kasa samun bankin da ya ba da katin. Lambobin sun fito ne daga ƙa'idar saƙonnin katin banki ta duniya da ake kira ISO 8583. Gajeru ne ƙwarai, amma su ke raba wanda zai wuce kasuwa ya yi cefane da wanda zai koma gida hannu rabbana.

Kusan kowace manhajar kasuwanci a kan irin wannan gajeriyar amsa ta dogara. Lambar rasit, ragowar kuɗi a asusu, lambar rajistar sabon ɗalibi, lambar katin majinyaci a asibiti, duk daga rumbun bayanai suke fitowa, kuma a tsare-tsare masu yawa ta wata ƙaramar kafa suke biyowa, wato gurbin amsa. Masu rubuta manhaja sun daɗe suna fama da wannan kafa, musamman masu aiki da kayan da ake kira ORM. Aikin da ake ganin bai wuce layi biyar ba yakan cinye wa ƙwararre yini guda. Abin da ya fi tayar da hankali kuma, idan aka yi shi ba daidai ba, sau da yawa kwamfuta ko tari ba ta yi. Sai dai a wayi gari lissafi ya ƙi daidaituwa.

Rumbu da manhaja ba harshensu ɗaya ba

A shekarar 1970 wani masanin lissafi haifaffen Ingila, Edgar Codd, da ke aiki a cibiyar binciken kamfanin IBM a San Jose ta Amurka, ya fitar da takardar da ta sauya yadda duniya ke adana bayanai. Shawararsa ita ce a jera komai cikin jadawali: kowane layi ya tsaya a matsayin mutum ɗaya ko ciniki ɗaya, kowane ginshiƙi kuma ya ɗauki bayani iri ɗaya, kamar suna ko adadin kuɗi. A 1974 wasu ma'aikatan IBM biyu, Donald Chamberlin da Raymond Boyce, suka gabatar da harshen da za a riƙa yi wa waɗannan jadawalai tambaya, wanda daga baya aka san shi da SQL. A 1986 hukumar ƙa'idoji ta Amurka ta amince da shi. Har gobe da shi manyan rumbuna irin su Oracle, SQL Server, MySQL da PostgreSQL suke aiki.

Su kuwa manhajojin da jama'a ke taɓawa a waya da kwamfuta, da wasu harsuna ake rubuta su, kamar Java da ya fito a 1995, ko C# na kamfanin Microsoft, ko Python. Waɗannan ba ruwansu da jadawali. A wurinsu abokin ciniki abu ne guda dunƙulalle: yana riƙe da sunansa, yana riƙe da asusunsa, asusun kuma na riƙe da jerin kuɗin da suka shiga da waɗanda suka fita. Idan za a ajiye shi a rumbu, sai an wargaza shi zuwa layuka a jadawali uku ko huɗu. Idan za a ɗauko shi, sai an sake harhaɗa shi. A da, mai rubuta manhaja da hannunsa yake yin wannan, layukan umarni barkatai masu kama da juna, kuma kowane layi kafa ce ta kuskure.

ORM manhaja ce da ke shiga tsakani ta ɗauke wannan wahala. Mai rubutu ya ce a ajiye wannan abokin ciniki, ita kuma ta tsara umarnin SQL da kanta, ta aika, ta karɓo layuka, ta mayar da su abubuwan da harshensa ya gane. TopLink na cikin na farko-farko, tun a shekarun 1990. Gavin King ɗan Ostareliya ya fara Hibernate a 2001 don masu Java, Michael Bayer ya fitar da SQLAlchemy a 2006 don masu Python, Microsoft kuma ya kawo Entity Framework a 2008. Yau da wuya a sami babbar manhajar ofis da ba ta jingina da ɗaya daga cikin irin waɗannan ba.

Aikin da ake ajiyewa a cikin rumbu

Tun kafin ORM ta yi tashe, masu rumbunan bayanai suna da tasu dabarar. Maimakon manhaja ta riƙa aiko umarni ɗaya bayan ɗaya, sai a rubuta dukan aikin daga farko zuwa ƙarshe, a raɗa masa suna, a ajiye shi a cikin rumbun kansa. Wannan shi ne ajiyayyen umarni. Kamfanin Sybase na cikin waɗanda suka yaɗa shi a ƙarshen shekarun 1980, kuma daga haɗin gwiwa da shi ne Microsoft ya samo SQL Server da harshensa Transact-SQL. Oracle ya kawo nasa a fitowa ta 7 a 1992, ana rubuta shi da PL/SQL. MySQL bai samu ba sai 2005.

Bankuna da kamfanonin inshora da hukumomi sun rungumi dabarar saboda dalilai masu ƙarfi. Aiki ya fi sauri idan an yi shi a inda bayanan suke. Ana iya ba manhaja izinin kiran umarnin kawai, ba tare da an ba ta damar taɓa jadawalin kuɗi kai tsaye ba. Sannan doka ɗaya ce za ta hau kan kowa: ko daga manhajar waya buƙata ta zo, ko daga kwamfutar ma'aikacin kanta, ta hanya ɗaya za ta bi. Manhajar banki ta FLEXCUBE, wadda bankuna da dama a Najeriya ke amfani da ita, ta dogara sosai da PL/SQL.

A ɗauki misalin wani umarni da aka sa wa suna TuraKudi. Yana karɓar abu uku: asusun mai turawa, asusun mai karɓa, da adadi. Zai duba ko kuɗin sun isa, ya cire daga nan, ya zuba a can, ya rubuta rasit, kuma ko dai duka su tabbata ko kuma a fasa duka. Da ya gama, dole ya ba da labari. A SQL Server hanya uku gare shi. Yana iya mayar da layuka kamar kowace tambaya. Yana iya mayar da lambar kammalawa, wadda cikakkiyar lamba ce guda ɗaya tak, kuma bisa al'ada sifili na nufin an yi nasara. Ko kuma ya cika guraben amsa da mai kira ya tanadar masa: ɗaya na lambar sakamako, ɗaya na lambar rasit, ɗaya na ragowar kuɗi.

Abin ya yi kama da aiken injin niƙa. Yaro ya kai dawa a kwano, wannan shi ne abin da aka shigar. Ya kuma riƙo wani kwanon da babu komai a ciki don mai inji ya zuba masa gari, wannan shi ne gurbin amsa. Wani gidan kuwa kwano ɗaya suke bayarwa, ya tafi da tsaba ya dawo da gari. Waɗannan su ne nau'i ukun da masu sana'ar ke rubutawa IN, OUT da INOUT. Idan aka manta ba a ba yaro kwanon gari ba, ko aka ba shi ƙarami, ko ya juyo kafin inji ya tsaya, niƙa dai an yi shi, amma uwar gida ba za ta ga abin da ta aika a kawo ba.

Inda ORM ke tuntuɓe

An gina ORM ne a kan tunani ɗaya: duk abin da zai fito daga rumbu layi ne, kuma kowane layi za a mayar da shi abu. Gurbin amsa kuwa ba layi ba ne, ba ya cikin kowane jadawali, ba shi da lambar shaida. Shi ya sa shekaru da dama waɗannan kayan aiki ba su tanadar masa wurin zama na kirki ba.

Littafin jagorar Hibernate na fitowa ta 3 ya gindaya sharuɗɗa masu tsauri. Ajiyayyen umarnin da za a yi tambaya da shi dole ya mayar da layuka. A Oracle, gurbi na farko dole ya zama na amsa mai ɗauke da waɗannan layuka. A SQL Server da Sybase kuwa, Hibernate za ta ɗauki jerin layuka na farko da ta tarar, ta watsar da sauran. Wanda umarninsa bai bi wannan tsari ba, aka ce ya karɓi igiyar sadarwa da rumbu daga hannun Hibernate ya yi kiran da kansa. NHibernate, 'yar'uwarta da aka yi wa masu C#, ta gaji wannan hali, kuma masu amfani da ita suka saba bi ta bayan gida: su tsara umarnin da hannu, su ayyana gurabensa, su kira, sannan su karanta amsa.

Gyara ya zo, amma a hankali. Ƙa'idar JPA, wadda ta haɗa kan kayan ORM na Java, ta fito a 2006, amma sai a fitowa ta 2.1 a 2013 aka sa mata hanyar kiran ajiyayyen umarni a hukumance. Daga nan mai rubutu yana iya yi wa kowane gurbi rajista da sunansa da nau'insa da alƙiblarsa, ya kira umarnin, sannan ya nemi amsa da getOutputParameterValue. A ɓangaren Microsoft, tsohuwar Entity Framework tana da abin da ta kira ObjectParameter don wannan aiki. Da aka sake gina ta daga tushe a 2016 da sunan EF Core, wannan sauƙi bai biyo ta ba, masu rubutu suka koma tsara guraben da hannu. Sai a Nuwamban 2022, a fitowa ta 7, ta sami damar ɗora ayyukan shigarwa da gyarawa da gogewa a kan ajiyayyun umarnai, har da karɓar amsa ta gurbi, misali sabuwar lambar shaida ko adadin layukan da aka taɓa.

Wasu kuma tun farko suka zaɓi ƙananan kayan aiki da ba sa ɓoye SQL. Dapper, da injiniyoyin shafin Stack Overflow suka fitar a 2011, da MyBatis ta masu Java, duk suna barin mutum ya faɗi alƙiblar kowane gurbi ƙarara. Sauƙin da suke da shi a wannan fanni na daga cikin dalilan da ya sa kamfanoni ke haɗa su da babbar ORM a manhaja ɗaya.

Tarkunan da ba sa ƙara

Tarko na farko kalma ɗaya ce. Ga yadda ake kiran umarnin nan a SQL Server:

EXEC TuraKudi @daga, @zuwa, @adadi, @amsa OUTPUT

Wannan kalma ta ƙarshe dole ta bayyana a wuri biyu: inda aka rubuta umarnin a rumbu, da inda aka kira shi. Idan kuma ta cikin ORM aka aika wannan layi, akwai wuri na uku, domin sai an gaya wa manhaja cewa alƙiblar gurbin ta fitowa ce. Bayanan Microsoft sun faɗa a fili cewa idan aka kira umarnin ba tare da kalmar ba, babu saƙon kuskure da zai fito, amma mai kira ba zai ga amsar ba. A nan haɗarin yake. Kuɗi sun riga sun tashi daga asusu zuwa asusu, manhaja kuwa ta duba gurbi ta tarar wayam. Idan an rubuta ta yadda za ta ɗauki rashin amsa a matsayin gazawa, za ta ce wa mai asusu ya sake gwadawa, shi kuma ya tura kuɗi sau biyu.

Na biyu shi ne gaggawa, kuma shi ya fi kama mutane. SQL Server na aika sakamako ta wata ƙa'idar sadarwa da ake kira TDS, wadda ita ma gadon Sybase ce. A cikinta layuka ne ke fara tahowa, amsoshin gurabe kuma suna can wutsiyar saƙo. Saboda haka muddin manhaja ba ta gama karɓar layuka ta rufe abin karantawa ba, gurbin amsa zai kasance fanko. Jagorar JDBC ta masu Java ita ma ta ba da shawarar a gama da layuka da ƙididdigarsu kafin a nemi abin da ke gurabe. ORM ta ƙara wa abin wani murɗi, domin a EF Core rubuta tambaya ba ya nufin an aika ta. Ba ta tafiya rumbu sai lokacin da aka fara neman sakamakonta.

Misalin da aka fi gani shi ne shafin bayanan asusu. Manhaja na son nuna ciniki 20 na farko, a ƙasa kuma ta rubuta jimillar cinikin da ke akwai don mutum ya san shafi nawa suka rage. Umarnin na mayar da layuka 20, ya sa jimilla a gurbin amsa. Mai rubutu ya tsara tambayar a layi ɗaya, a layi na gaba ya karanta jimilla, a na uku ya zazzage layukan. A ido komai daidai ne. Amma a lokacin da ya karanta jimillar, ko tafiya rumbu ba a yi ba. Maganin bai wuce ya musanya layi na biyu da na uku ba, amma kafin wanda bai san sirrin ba ya gano haka, ya sha zargin rumbu da ORM da igiyar sadarwa.

Na uku girma ne. Idan amsar rubutu ce, dole a faɗi yawan haruffan da gurbin zai ɗauka. Wanda bai faɗi komai ba ya yi sa'a, domin kwamfuta za ta tsaya ta ce masa girman sifili bai halatta ba. Wanda ya faɗi kaɗan shi ne ya shiga uku: a ce ya ware haruffa 10, rumbu kuma ya rubuto "Kuɗin da ke asusu bai isa ba", abin da zai iso shi ne "Kuɗin da k", an datse sauran shiru. Idan lambar rasit ce aka datse haka, ranar da za a nemi cinikin a rumbu ba za a same shi ba. Ga rubutu mai tsawo ƙwarai, ana sa -1 a matsayin girma.

A nan akwai abin da ya shafi masu rubuta Hausa kai tsaye. SQL Server na da nau'in rubutu biyu, VARCHAR da NVARCHAR. Na farkon, a tsarin da aka fi girka shi da shi, haruffan Yammacin Turai ya sani, babu ɗ, babu ƙ, babu ɓ. Ko da an adana suna daidai a jadawali, idan gurbin amsa na nau'in farko ne, haruffan masu lanƙwasa yawanci alamar tambaya suke komawa, sai Ɗanladi ya fito a takarda "?anladi". Duk manhajar da za ta ɗauki sunayen Hausawa ko ta aika musu saƙo da harshensu, sai an duba nau'in kowane gurbi da rubutu zai ratsa.

Na huɗu kwabbai ne. Ana adana kuɗi da nau'in lamba mai gurbi biyu bayan ɗigo. Idan mai rubutu ya ayyana gurbin amsa bai faɗi yawan lambobin bayan ɗigo ba, ana iya ɗaukar sifili, sai ragowar naira 15,750.75 ta iso a matsayin 15,751. A asusu ɗaya ba a bakin komai yake ba. A rahoton da ya haɗa asusu dubbai, shi ne ke hana ma'aikatan lissafi tashi daga ofis da wuri.

Na biyar shi ne amsar da ba ta zo ba sam. Umarni na iya tsayawa a tsakiya kafin ya cika gurbi. A Oracle, bisa ƙa'ida, idan aiki ya mutu da kuskuren da ba a tare ba, ba a miƙa wa mai kira abin da aka riga aka zuba a guraben amsa. A C#, fankon gurbi na zuwa da wata alama ta musamman, DBNull, kuma wanda ya yi ƙoƙarin mayar da ita lamba kai tsaye manhajarsa za ta faɗi. Na Java ya fi wannan haɗari: idan aka nemi cikakkiyar lamba da getInt daga gurbin da babu komai, sifili ake samu, sai an kira wasNull kafin a san ko sifilin gaske ne. A tsarin da sifili ke nufin nasara, wannan na iya sa aikin da bai kammala ba ya wuce a matsayin wanda ya yi kyau.

Na ƙarshe daga ƙwaƙwalwar ORM kanta yake tasowa. Don ta rage zirga-zirga, takan riƙe abubuwan da ta ɗauko daga rumbu, takan kuma jinkirta aika sauye-sauye har sai an ce ta adana. Ajiyayyen umarni kuwa a bayan idonta yake aiki. Idan TuraKudi ya rage kuɗin asusu, gurbin amsa zai kawo sabuwar ragowa, amma asusun da ORM ke riƙe da shi na nan da tsohuwar, sai allo ɗaya ya nuna adadi biyu masu saɓani. Dole a umarce ta ta tura abin da ta jinkirta kafin kira, ta kuma sake ɗauko abin da umarnin ya taɓa bayan kira. Wanda ya bi ta bayan gida kuma sai ya tabbata ya ɗaura umarninsa a cikin zagayen cinikin da ORM ta buɗe, don idan aka fasa, a fasa gaba ɗaya.

Kowane rumbu da halinsa

Ɗaya daga cikin alkawuran ORM shi ne a iya sauya rumbu ba tare da an sake rubuta manhaja ba. A kan gurbin amsa wannan alkawari ba ya cika. A SQL Server, duk gurbin da aka sa wa OUTPUT yana iya shiga da abu ya fito da wani. Oracle ya raba nau'i ukun na gurbi sarai, kuma bisa al'adarsa ko layukan ma ta wani gurbin amsa na musamman, REF CURSOR, ake fito da su. A MySQL akan kira umarni da wani suna mai alamar @, sannan a sake aika tambaya ta biyu a karanto abin da aka zuba a ciki. PostgreSQL bai sami ajiyayyen umarni mai kalmar CALL ba sai fitowa ta 11 a 2018, kuma gurbin amsa zalla bai shigo cikinsa ba sai fitowa ta 14 a 2021; amsoshin kuma a matsayin layi guda yake mayar da su.

Masu Python ma ba su tsira ba. Ƙa'idarsu ta sadarwa da rumbu, PEP 249, ta tanadi hanyar kira mai suna callproc, amma ba ta wajabta ta ba, kuma pyodbc, wadda ake yawan shiga SQL Server da ita, ba ta da ita. Masu amfani da ita sukan rubuta ɗan guntun SQL da zai kira umarnin, ya karɓi amsa, sannan ya mayar da ita a matsayin layi. Jagorar SQLAlchemy ita ma ga ainihin igiyar sadarwa take tura mai buƙatar irin wannan kira.

Me ya kamata a yi?

Saboda wannan wahala, wasu ƙwararru na ganin a daina amfani da guraben amsa a sabon aiki, umarni ya riƙa mayar da sakamakonsa a layi ɗaya mai ginshiƙai, tunda layi kowace ORM ta iya karɓarsa. Shawarar na da amfani ga wanda zai fara gini daga tushe. Sai dai yawancin masu rubuta manhaja gadon aiki suke tararwa. A banki ko ma'aikata akan sami umarnai ɗaruruwa da aka rubuta shekaru da dama da suka wuce, manhajoji iri-iri na kiransu, kuma mai kula da rumbu ba zai yarda a taɓa su don jin daɗin sabuwar manhajar waya ba. Yana da gaskiyarsa. Saboda haka sanin yadda ake karɓar amsa ta gurbi ba abin da za a kauce masa ba ne.

Ƙungiyoyin da suka iya aikin suna da halaye da suka yi tarayya a kai. Suna tara duk kiran ajiyayyun umarnai a wuri ɗaya a cikin manhaja, yadda kowane gurbi za a ayyana sunansa da nau'insa da girmansa da alƙiblarsa sau ɗaya, daidai da abin da ke rubuce a rumbu. Suna ɗaukar fankon amsa a matsayin hali na uku mai zaman kansa, wato ba a san abin da ya faru ba, sai manhaja ta koma ta bincika kafin ta ce wa mutum ya sake turawa. Ba sa manna abin da mai amfani ya rubuta a cikin jimlar SQL, ta gurbi suke shigar da shi, domin ta waccan kafa ɓarayin intanet ke cusa nasu umarnin. Suna kunna rajistar da ke nuna ainihin SQL ɗin da ORM ta aika, su karanta da idonsu. Gwaji kuma a kan rumbu na gaske suke yinsa, domin rumbun wucin gadi da EF Core ke bayarwa don gwaji a ƙwaƙwalwar kwamfuta ba ya gudanar da SQL, balle ajiyayyen umarni.

Matasan da ke koyon rubuta manhaja a jami'o'i da cibiyoyin fasaha na Kano, Kaduna, Zariya, Yamai da sauran garuruwa sukan fara ne da ORM, kuma da yawa na kaiwa ga gina manhaja sukutum ba su rubuta SQL da hannunsu ba. Ya kamata kowannensu ya ware lokaci ya girka rumbu a kwamfutarsa, ya rubuta ƙaramin umarni mai gurbin amsa, ya kira shi, sannan da gangan ya cire kalmar OUTPUT, ya rage girman gurbi, ya karanta amsa kafin layuka, ya ga abin da kowanne ke haifarwa. Shugabannin makarantu da asibitoci da ƙungiyoyin adashi da ke ba da kwangilar manhaja su ma suna da tambayar da ya dace su yi kafin su biya kuɗin aiki: a nuna musu a allo abin da manhajar ke yi idan rumbu ya karɓi aiki amma amsa ba ta dawo ba.